BAHAUSHE A KUMASI, ƊAN GANA A YAWURI

Yau ina neman afuwarku, zan ɗan jingine labarin da muke bi babi-babi, domin in yi magana a kan abin da ba ƙagagge ba, abin da ya faru a gidanmu, kuma na san ya shafi gidaje da yawa a ƙasar Yawuri, tun daga Shanga har Ngaski. Magana ce ta 'ya'yan mutanen da suka tafi ci-rani ba su dawo ba, sai ga shi bayan shekara hamsin 'ya'yan nan sun biyo sawu, sun zo neman abinci a garin iyayensu. To me za mu kira su, baƙi ko 'yan gida?

Bari in fara ɗauko zancen daga nesa, don sau da yawa sai mutum ya ga abu a gidan wani sannan yake gane na gidansa.

Ranar 18 ga watan Yuni na shekarar 1908, wani jirgin ruwa mai suna Kasato Maru ya tsaya a tashar Santos ta ƙasar Birazil, ɗauke da Japanawa 781, akasarinsu talakawan manoma. Birazil ta hana bauta tun 1888, masu gonakin kofi na jihar Sao Paulo suna neman ma'aikata ido rufe, su kuma ƙauyukan Japan talauci ya yi musu katutu. Mutanen nan ba da niyyar zama suka je ba, lissafin kowa shi ne ya yi 'yan shekaru, ya tara abin da Allah ya ba shi, ya koma gida. A harshensu irin wannan fita sunanta dekasegi, in ka juya ta zuwa Hausa ba ta wuce ci-rani ba. To amma lada bai kai yadda aka kwaɗaita musu ba, kuɗin jirgin komawa ya gagara, aka yi ta haihuwa, yaƙin duniya na biyu ya zo ya datse hanya, shi ke nan ci-rani ya zama zaman dindindin. Yau zuriyarsu a Birazil ta haura mutum miliyan ɗaya da rabi, babu inda masu jinin Japan suka kai haka yawa in ba a Japan ɗin kanta ba.

Iyayen nan sun riƙe Japan a zuciyarsu kamar yadda suka bar ta ranar da suka shiga jirgi. Har ta kai lokacin da aka ci Japan a yaƙi a 1945, wasunsu suka rantse ƙarya ne, ƙasarsu ba ta ciwuwa, wata ƙungiya tasu mai suna Shindo Renmei ta kashe 'yan uwanta fiye da 20 saboda kawai sun yarda an ci Japan. 'Ya'yansu kuwa suka yi karatu, suka zama likitoci da injiniyoyi da manyan 'yan kasuwa, ba su san wata ƙasa ba sai Birazil, amma duk da haka a kasuwa da makaranta sunansu bai wuce Bajapane ba, saboda kamannin fuska.

Sai zamani ya juya. Japan ta yi arziki, masana'antunta na motoci da kayan lantarki suka rasa ma'aikata, Birazil kuwa tsadar rayuwa ta sa ta gaba. A 1990 Japan ta gyara dokarta ta shige da fice, ta ba 'ya'ya da jikokin Japanawa izinin su zo su zauna su yi aiki, da zaton tunda jini ɗaya ne za su saje da jama'a ba tare da wahala ba. Zuwa 2007 'yan Birazil da ke Japan sun haura 300,000, sun cika garuruwa irin su Hamamatsu da Oizumi, suna yin ayyukan da 'yan ƙasa ke gudu, masu wuya, masu datti, masu haɗari. Da suka buɗe baki sai aka ji harshen Fotugal, wanda ya iya Japananci a cikinsu kuwa na kakarsa ne, tsofaffin kalmomin da 'yan Tokyo suka daɗe da yarwa. Aka raɗa musu suna baƙi. Mutumin da a Sao Paulo bai taɓa shiga rawar samba ba, a Japan sai ga shi ya ɗaura tutar Birazil yana cashewa a titi. Da tattalin arzikin duniya ya karye, a 2009 gwamnatin Japan ta yi tayin yen 300,000 ga kowane ma'aikaci, da 200,000 ga kowane mutum cikin iyalinsa, su tattara su koma, bisa sharaɗin ba za su sake shigowa da irin wannan izini ba sai an ɗage takunkumi. Kimanin mutum 20,000 suka karɓa. Ka ji fa mai karatu, jini ya buɗe musu ƙofa, amma bai shimfiɗa musu tabarma ba.

To mu dawo gida. Yawuri dama can hanya ce. Ayarin fatake da ke tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja, da kanwa da tufafi su dawo da goro, da yawansu ta wajenmu suke bi su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu har Salaga. Ba duk wanda ya tafi ya dawo ba, su ne suka kafa zango-zango a Salaga da Kete-Krachi da Kumasi da Ankara. Shahararren malamin nan Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, asalin gidansu Kabawa ne. Haka nan Sarkawanmu masu su, tun kaka da kakanni suke bin ruwa, wasu har Binuwai, daga baya wasu tafkin Chadi, wasu Lagdo ta Kamaru, ana haifar musu 'ya'ya a can. Ke nan fita neman abinci ba baƙon abu ba ne a wajenmu.

Abin da ya bambanta mu da sauran masu ci-rani shi ne, mu gidan ma da aka bari bai tsaya inda yake ba. Mu Gungawa ne ta wajen uba, mutanen da suke kiran kansu Bareshe, harshensu kuma Tsureshe. Kakanninmu a gungu suke zaune, tsakiyar ruwa, suna noman albasa da gero da shinkafa, suna kamun kifi. A 1964 aka fara ginin madatsar ruwa ta Kainji, a 1968 aka gama, ruwa ya taru ya yi baya har ya iso Yawuri, ya haɗiye tsohon garin Busa da gungaye da ƙauyukan bakin kogi. Kimanin mutum 44,000 aka tayar aka kai su sababbin matsugunai, aka ba su ɗakunan siminti a tudu. Mahaifina yana da shekara 12 a lokacin, har yau in yana ba da labarin ranar tashi ba ya iya kai shi ƙarshe.

Shi kuwa yayansa, Baffanmu, ba a yi wannan tashi da shi ba. Tun 1963 ya bi motar albasa yana saurayi, ya ce wa kakarmu rani biyu zai yi ya dawo ya yi aure. Hanya ta kai shi Kumasi, ya zama yaron wani dillali a kasuwa, daga baya ya tsaya da ƙafarsa. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar Gana, dubban 'yan Nijeriya suka kwaso 'yan komatsansu suka taho. Kakarmu ta yi ta zuba ido, duk motar da ta tsaya a Yalwa sai ta aika a duba. Baffa bai zo ba. Ya riga ya ji labari cewa gungu ya nutse, sai ya laɓe a ƙauyen wata Badagomba da yake nema da aure har ƙura ta lafa. Daga baya ya aiko da saƙo ta bakin wani falke, cewa in ya zo ina zai sauka? Daga nan sai wasiƙa jefi-jefi, sai kaset da ake naɗar murya a aiko, sai wayar salula da ta zo a ƙurarren lokaci. A 2011 ya rasu a Kumasi, bai sake shan ruwan Kwara ba. Allah ya jiƙansa.

Babban ɗansa ya girme ni da shekara uku, don haka Yaya nake ce masa. A zangon Kumasi ya tashi, inda Tonawa ke kallon duk ɗan zango a matsayin baƙo ko da kakansa a nan aka binne shi. Ya ce shi ya sa tun yana yaro ba ya wasa da hula da doguwar riga ranar Juma'a, in an tambaye shi ɗan ina ne sai ya bugi ƙirji ya ce shi Bahaushe ne ɗan Yawuri, alhali ko a hoto bai taɓa ganin Yawuri ba. Da ya girma ya shiga haƙar zinare a dazukan Ashanti, irin wadda suke kira galamsey, ya ƙware a sanin dutse da tafiyar da injin niƙa. A 2017 gwamnatin Gana ta dakatar da ƙananan masu haƙa, ta baza jami'an tsaro a wuraren aikin, abinci ya yi wuya. Sai ya ji labarin ana samun zinare a ƙasar Yawuri. A farkon 2018 ya yi sallama a ƙofar gidanmu, da 'yar jakarsa da tsohon hoton Baffa.

Wallahi ba sai an nuna hoton ba. Goshin gidanmu ne, tafiyar gidanmu ce, Baba yana ganinsa ya miƙe tsaye jikinsa na rawa. Amma da ya durƙusa ya ce, "Baba, mamana ya ce a gaishe ku, shi ma yana so ya zo," sai yaran gida suka ruga bayan ɗaki suna ƙyalƙyala dariya. Hausar Gana ba ruwanta da bambanta mace da namiji, kowa "ya" ne, ƙ da k duk ɗaya ne a bakinsu, ga kalmomin Tonanci da Turanci a gauraye. Kafin sati ya zagayo, duk unguwa ba mai kiransa da sunan yanka, sai Ɗan Gana. A wajen haƙa kuwa, duk da ya fi su sanin aikin, ramin da kowa ke tsoro shi ake tura wa, in kaya ya ɓata shi ake fara kallo, in an zo rabo sai a ce ai baƙo ba ya ja. Da ya je wani ofishi neman takardar shaidar asali, ma'aikacin yana jin Hausarsa ya ture takardun, ya ce ba a nan ake yi wa 'yan ƙasar waje ba. Sai da Baba ya taka da kansa tare da mai unguwa. Alhali sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 a fili yake, wanda aka haifa a waje in ɗaya daga iyayensa ɗan Nijeriya ne, shi ma ɗan Nijeriya ne tun daga haihuwa.

Sai na fara lura da wani abu. Mutumin da ya ce a Kumasi ba ya rabuwa da hula, a Yalwa sai ga shi da rigar ƙwallon Asante Kotoko, kullum dare yana kan waya yana zuba Tonanci, yana dariya har da hawaye. In na kai masa shinkafa da wake sai ya ce da daɗi ƙanwata, amma ba ta kai wace ba, wato waakye ɗin da duk Gana ke ci, wadda sunanta ma daga wakenmu na Hausa aka samo shi. Wata rana ya ce mini, "Ƙanwata, shekara arba'in ina Kumasi ina kewar Yawuri, ashe sai na zo Yawuri zan san ni ɗan Kumasi ne." Lokacin da na ci karo da labarin Japanawan Birazil, wannan magana tasa ce ta fara faɗo mini a rai.

Abu ɗaya ya dame shi da roƙo tun ranar da ya zo, a kai shi gungu. Baffa ya zana musu shi a ka tun suna yara, inda tsamiya take, inda ake ɗaure jirage, fadamar albasa, dutsen da mata ke wanki. Ya san ruwa ya ci wurin, amma sani daban gani daban. Da ruwa ya ja baya Baba ya ɗauki hayar kwalekwale, muka shiga mu huɗu. Mun yi tafiya mai nisa, Baba yana duban tudun gabas yana duban na yamma, can ya ce wa mai tuƙi ya tsaya. Ba komai a wurin sai ruwa, da kan wani busasshen itace da tsuntsu ya sauka a kai. Baba ya nuna da haɓa ya ce, "Nan ne, nan aka binne cibiyar ubanka." Yaya bai ce uffan ba. Ya sunkuya ya ɗebi ruwan da hannu biyu ya wanke fuska, ya ɗebi wani ya sha, muka yi wa na ƙasa addu'a muka juyo.

Daga nan muka wuce ƙauyen da aka tsugunar da danginmu, wajen Goggo, yayar su Baba, wadda a lokacin ta haura tamanin, idonta ya yi rauni. Yaya ya cire takalmi ya durƙusa, maimakon ya gaishe ta da Hausar da ake yi masa dariya, sai ya gaishe ta da Gunganci, doguwar gaisuwa irin wadda yaro ke yi wa babba a gungu. Goggo ta saki carbinta ta lalubo kansa ta riƙe, ta ce, "Wane ne wannan da muryar ƙanena?" Ta amsa masa, ya mayar, ta ja shi da ƙirga ya bi ta har ashirin, ta tambaye shi sunayen kifaye ya jero mata. Kuka take yi tana cewa rabon da wani yaro ya gaishe ta haka tun kafin ruwa ya zo. Ashe Baffa kullum bayan sallar isha'i sai ya tara 'ya'yansa a zangon Kumasi ya biya musu abin da ya fita da shi a 1963.

Mu da aka haifa a Yalwa muna tsaye muna kallo, ba mai iya sa baki. Ni abin da na sani a Gunganci bai wuce sannu da na gode ba, 'ya'yana ko wannan ba su sani ba. Ba a gidanmu kaɗai abin yake ba. Wani Ba'amurke mai nazarin al'adu, Frank Salamone, ya zauna a Yawuri a farkon shekarun 1970, ya yi rubutu a kan yadda Bagunge ke rikiɗa ya zama Bahaushe, ta hanyar shiga gari da aure da neman muƙami. Maƙwabtanmu Shangawa ma harshensu ya koma 'yan ƙauyuka kaɗan, sauran duk Hausa suke yi. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, to mu da ba mu je ko'ina ba, ya aka yi gida ya bar mu? Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na Ɗan Gana.

Ba a daɗe ba maganar gado ta taso. Gonar da aka ba kakanmu bayan tashi, wadda ta gangara har bakin tafki, tun rasuwarsa ba a raba ta ba. Wasu daga 'yan uwa suka ce ai lokacin da aka yi ƙidayar masu tashi ba a ƙirga da Baffa ba, bai sare ko itace ɗaya a gonar ba, don me ɗansa zai zo daga wata ƙasa ya ci gumin wasu? Rai ya ɓaci ƙwarai, har aka daina gaisawa tsakanin ɗakuna biyu. Baba ya ce a kira malami. Malam ya tambaya, lokacin da tsohon ya rasu ɗansa na Kumasi yana raye? Aka ce yana raye. Ya ce to rabonsa yana nan, nisa ba ya soke gado, kuma yanzu haƙƙin iyalinsa ne. Baba ya juya ya ce wa masu ja, "Ku da kuke cewa baƙo ne, a cikinku wa zai iya gaishe da Goggo yadda ya gaishe ta?" Wuri ya yi tsit. Aka auna aka fitar masa da nasu.

Yaya ya bar haƙa a 2020, bayan rami ya rufta da wani abokin aikinsa a gabansa. Yanzu in ruwa ya janye yana dasa albasa a rabonsu, in ta nuna ya haɗa da ta wasu ya yi lodi zuwa Kumasi, inda ba dillalin da zai cuce shi tunda da harshensu yake ciniki. Waɗanda suka ƙi gaishe shi jiya su ne yau ke kawo buhunansu ya tafi da su. Har gobe Ɗan Gana ake ce masa a nan, can kuma Bahaushe, ya ce ya daina jin zafi, gida biyu maganin gobara. Ya kawo ƙaramin ɗansa gidanmu yana karatu, yaron cikin shekara ɗaya ya kama Hausar Yawuri har yana gyara wa ubansa. Goggo ta rasu a 2022. Ƙirgan da ta ja Yaya da shi ranar nan, yanzu wannan yaro haifaffen Kumasi shi ke koya wa 'ya'yana shi a tsakar gida, suna yi suna kuskure yana yi musu dariya.

Abin da nake so in ce, ya 'yan uwana, shi ne wanda ya tafi ya canza, wanda ya zauna ma ya canza, kowa da abin da ya riƙe da abin da ya zubar. Japan ta gayyato jikokinta don ƙarfinsu, da aiki ya ƙare ta biya su kuɗin mota. Mu ba mu da masana'anta, ba mu da yen, abin da muke da shi zumunci ne, shi kuwa a ƙafa yake. Akwai 'ya'yan Sarkawa da aka haifa a Chadi da Kamaru, akwai jikokin fatake a Gana da Togo, akwai zuriyar mahajjata a Sudan, kuma yadda duniya ta rikice ɗin nan, da yawansu wata rana za su yi mana sallama da wata irin Hausa. Kafin mu yi dariya mu fara ba su ruwa, mu tambaye su me tsohon ya bar musu, don mai yiwuwa abin da muka daɗe da yarwa yana cikin jakarsu. Masu tsofaffi a gida kuma, Gungawa ne ko Shangawa ko Kambari ko Lopawa, don Allah a zauna da su tun suna da rai, a sa yara su koyi ko gaisuwa ce da ƙirga.

Allah ya jiƙan magabatanmu, na tudu da waɗanda ruwa ya rufe, ya tsare matafiya, ya haɗa kan zumunci. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗora labarinmu daga inda muka tsaya.